Babbar Rigata da Tabon Motar Tsere

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da wata Lahadi da na tsaya a kan ciyawa cikin babbar riga ina rantse wa wata Baturiya a kan mota. Na sha rantsuwa a kan mota, sana'ata ce, amma wannan ce kaɗai ta kusa raba ni da yarinyar da nake son aura.

Ni ɗan dillalin mota ne, kakana kuma dillalin shanu, saboda haka baki gado ne a gidanmu. Da na baro Kano na zo New York ban canza layi ba. Ina sayen motocin da suka yi haɗari a gwanjo, a ɗan miƙe su, a fesa musu fenti, in loda su a kwantena sai Kwatano ko Tema. Ofishina wani ɗan lungu ne a unguwar Jamaica, dab da filin jirgin sama na JFK, inda jirgi ke wucewa ta kanmu har sai mutum ya dakata da magana. A harkarmu akwai abin da ko yaro ya sani: in kai ne mai saye, ka kushe mota har mai ita ya fara tausayin kansa. In kuma kana gefen mai sayarwa, to motar nan ba ta taɓa haɗari ba. "Fes bodi" ce, wato fentin da ta fito da shi daga kamfani shi ne a jikinta, ko da kuwa jiya-jiyan nan aka ciro ta daga ƙarƙashin tirela. Kullum akwai ɗan maganaɗisu a aljihuna, naɗe cikin hankici. Ina ɗora shi a jikin mota, in ya kama, ƙarfe ne lafiyayye, in ya zame, an cike wajen da fila an rufe da fenti. Ina alfahari da wannan maganaɗisun fiye da yadda wasu ke alfahari da digiri.

Sai Allah ya haɗa ni da Memuna, nas ce a wani asibiti a Bronx. Komai ya tafi daidai har ranar da na je gaida mahaifinta a Morris Heights. Baba Awudu mutumin Zangon Kumasi ne, fanel bita, gajere mai faɗin kafaɗa da muryar da ake ji daga hawa na ƙasa. Ya yi shekara da shekaru a wani gareji a Queens inda ake tayar da tsofaffin motocin attajirai. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni aikina, na ce harkar mota nake.

"Wane gefe?" in ji shi. "Mai gyara, ko mai ƙarya?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Daga ranar, duk lokacin da na aika a tambaya yaushe manyana za su zo neman aure, amsa ɗaya ce: bai gama dubana ba tukuna. Memuna kuwa ta faɗa mini gaskiya, ba za ta auri wanda Baba bai sa wa albarka ba, komai son da take yi masa.

Ana nan sai ta kira ni, cike da murna. Za a yi baje kolin tsofaffin motoci a wani fili a bakin ruwa can saman Bronx, alƙalai za su duba motar da Baba ya shafe shekaru yana aikinta, kuma yana buƙatar wanda zai kai shi ya dawo da shi.

"Ga dama ta samu," in ji ta. "Ka kai shi, ka ɗauki kaya, ka yi shiru. Just be normal, don Allah."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Mota ce fa! In da kan gyaran hanci ne ko lissafin taurari, da na ji tsoro. Ranar na zaro shaddata shuɗiya wadda ta sha sitaci har tana ƙara in na motsa, na kafa hula, na fesa turare. (Ta ce in sa riga da wando kawai. Na ɗauka ba ta san yadda ake shiga idon suruki ba.)

A hanya Baba Awudu ya saki baki yana ba ni tarihin motar. Shi komai namiji ne a Hausarsa, har mota, ga kalmominsu na Kumasi irin "paa", wato sosai, da "koraa", wato gaba ɗaya. "Mota nan ya girme ka paa," yake cewa, yana dukan gwiwarsa. Ni kuwa ina ta "ƙwarai, Baba", "haka ne, Baba", amma kunnena na waje ɗaya, hankalina na can yana tsara maganganun ƙwararru da zan yi in burge shi. Ga abin da yake faɗa, wanda da na saurara da ban zama abin kallo ba. Motar tsere ce ta shekarun sittin, wani kamfani a Turai ya ƙera 'yan ƙalilan don direbobinsa kawai, ba don sayarwa ba. Wannan ta taɓa kwasar katanga a wani tsere, makanikan kamfanin suka yi mata walda a gurguje a bakin hanya, ta koma ta ƙarasa tseren. Yanzu kuma akwai wata mota a Turai, an harhaɗa ta da ragowar kayan kamfani, mai ita yana cewa tasa ce ta ainihin. Abin da zai raba gardama shi ne tabon waldar nan. Wadda take da shi ita ce ta gaske. Shi ya sa Baba ya gyara ko'ina ya bar wajen yadda ya same shi.

Duk wannan ya faɗa mini tsakanin gidansa da filin. Ni abin da na tsinta kawai shi ne "tsohuwar mota" da "alƙalai".

Da muka isa, wallahi sai da na tsaya cak ina kallo. Motoci jere a kan ciyawa kamar amare, kowace da igiya kewaye da ita. Tamu tana can gefen ruwa, launin azurfa, mai dogon hanci, gajeriya ko ƙuguna ba ta kai ba. Farin da'ira a ƙofa da lamba a ciki, sitiyarin katako a hannun dama, bonet ɗinta da maɗaurin fata kamar akwatin maniyyaci. Ba rediyo, ba esi, ba ko gilashin gefe. Da mai ita, wani tsohon likitan haƙori mai rawar hannu, ya tayar da ita, sai da na ji ƙarar a cikin haƙarƙarina, mutane suka riƙa barin wasu motocin suna dawowa wajenmu. Na ji daɗi kamar ni na ƙera ta. Har na fara gyara tsayuwa ina amsa gaisuwar 'yan kallo.

Da Azahar ta yi, likitan ya tafi rumfar masu shirya taron, Baba kuma ya buɗe bonet ya tokare shi, ya ce zai je ya yi alwala ya yi salla kafin layi ya zo kanmu.

"Ɗan Kano, tsaya nan. Kar ka taɓa komai, kar kowa ya taɓa. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Ku lura, bai ce kar in yi magana ba.

Yana ba da baya hannuna ya shige aljihu da kansa. Na waiga hagu, na waiga dama, na ɗora maganaɗisu a ƙofa a hankali. Ya zame. Na gwada madigadi, ya zame. Na zaga baya, na gwada saman but, ya sulale kamar an shafa masa mai. Innalillahi! Ko'ina fila! Mota guda sukutum babu ƙarfe ko na tafin hannu! (Jikin na alminiyam ne, irin na tukunyar biki, wanda maganaɗisu ba ya kamawa ko za ka kwana kana gwadawa. Baba da guduma ya buga shi da hannunsa. Wannan ma daga baya na sani.)

Na leƙa cikin bonet, sai ga shi. Bayan tayar gaba ta hagu, a jikin ƙarfen ƙashin motar, wata walda ce mai kauri, baƙa, duk ƙuraje, ƙarfen ma ya ɗan karkace. Ko yaron walda na bakin titi a Kano ya yi irin wannan sai ya sha rankwashi. Ko'ina na sheƙi, nan kawai aka manta.

Kun san me na ji? Tausayi ne ya fara zuwa, sai kuma wani irin farin ciki da ba zan ɓoye ba. Ashe Baba Awudu namu ne! Ashe shi ma ɗan fila ne, nasa dai na manya ne! Tsufa ya sa ya manta bai rufe waje ɗaya ba, ga alƙalai na tafe, ga kuma Allah ya ajiye masa ƙwararre a daidai wajen. Na ce a raina, yau zan rufa wa dattijon nan asiri, gobe da kansa zai kira manyana.

Ban gama wannan tunanin ba na hango su, sun tsallake wata mota da mai ita ba ya nan sun nufo mu. Maza biyu cikin kwat da malafa, a gabansu wata 'yar tsohuwa mai farin gashi, da farar safar hannu, tocila a hannu ɗaya, ɗan madubi mai dogon mariƙi a ɗayan. Ita ce shugabarsu. Nan take na sauke hannun rigata daga kafaɗa, na miƙa hannu na riƙe sandar da ta tokare bonet, shadda ta sauko ta rufe wajen ruf kamar labule.

Ta gaishe ni da fara'a, ta tambaya ko ina magana ne a madadin masu motar. Da Turanci muka yi, amma zan faɗa muku da Hausa don kunyar ta fi fitowa.

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Ni surukin wanda ya yi aikin ne."

(Suruki! Mutumin da ko ranar gaisuwa ba a ba shi ba.)

Ta ce madalla, tana son ta ga ƙashin motar ta gefen hagu. Na ce ai sai ta fara da injin, ga shi nan kamar a ci abinci a kai. Ta matsa hagu, na matsa hagu. Ta sunkuya, na ɗan rage tsawo, riga ta ƙara bajewa. Ta zago ta dama, na juya da ita ina nuna mata fitila. Rabona da irin wannan tsaron tun ina golan unguwarmu. Mutane suka fara taruwa, wasu suka ɗaga waya, ni kuma na ɗauka kwarjinin shadda ne.

Ta miƙe ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, haɗarin da motar nan ta yi nake son in gani."

Ai kuwa ta taɓo inda nake jira. Jinin kakana ya motsa.

"Haɗari? Madam, wannan motar? Fes bodi ce! Ko keke bai taɓa gogar ta ba. Yadda ta fito daga kamfani haka kike ganinta, na rantse da wanda ya halicce ni."

Mazan biyu suka dubi juna. Na ga alamar maganata ta shige su, sai na ƙara wuta.

"Ka tabbata?" in ji ta a hankali. "Ba ta taɓa bugun komai ba?"

A nan ne bakina ya ɗauko jumlar da muke ajiyewa don mai saye mai taurin kai, wadda na sayar da motoci da ita ba adadi, ta fito da kanta ba tare da ta biya ta ƙwaƙwalwa ba.

"Madam, wata tsohuwa ce ke hawan ta. Daga gida sai coci, daga coci sai gida."

Motar tsere. Mai lamba a ƙofa. Wadda ba ta da gilashin gefe, wadda ƙararta ke kaɗa haƙarƙari.

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, dariyar ta bazu. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, ta dai ce, "Zan so in haɗu da wannan baiwar Allah." Ta kashe tocilarta, ta juya wajen abokan aikinta ta ce, da muryar da kowa ya ji, in har iyalin mai gyaran da kansu sun ce motar ba ta taɓa haɗari ba, to ba ita ce ta ainihin ba, kwafi ce, ta Turai ce ta gaske. Likitan haƙori, wanda ya iso a daidai lokacin da kofin shayi a hannu, ya yi fari fat, shayin ya zube masa a takalmi.

Kwafi? Na tsaya hannuna a sama, riga a baje. Wani abu daga maganar cikin mota ya fara dawo mini gutsi-gutsi. Katanga. Walda. Tabo.

"Kai! Ɗan Kano!"

Baba Awudu ne ke ratso mutane, tabarmar salla a hammata, gemunsa bai gama bushewa ba. Wani ya riga ya faɗa masa a hanya.

"Ei! Wa ya ce ka buɗe baki? Me kake ɓoyewa da riga nan? Tashi daga nan, tashi koraa!"

Bai jira na tashi ba. Ya kama hannun rigata da yatsu biyu ya ɗage shi sama, yadda ake yaye mayafin amarya, ya ce wa tsohuwar ta duba. Ta kunna tocila, ta durƙusa a kan ciyawa da tsufanta, ta zura madubi. Ta daɗe a nan. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. Ta kira sauran, su ma suka durƙusa da kwat ɗinsu, suna nuna ƙurajen waldar ɗaya bayan ɗaya suna kaɗa kai, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu ziyara. Ta miƙe ta riƙe hannun Baba da hannu biyu, ta ce ta gode masa da ya iya danne zuciyarsa bai goge wajen ba, don masu gyara da yawa ba sa iya barin muni ya zauna. Mutane suka ɗau tafi. Ana tafa wa abin da na shafe rabin zufar jikina ina ɓoyewa, kuma duk wannan lokacin Baba bai saki rigata ba, ina tsaye a gefensa kamar akuyar da aka kamo a gonar mutane.

Sai tsohuwar ta nuna ni, ta tambaye shi, "Wannan surukinka ne da gaske?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dube ni daga hula har takalmi.

"Haka ya faɗa miki?" in ji shi. "Ni ban sani ba tukuna."

An tabbatar da motar, har ta samu kyauta, aka liƙa mata wani ƙyalle mai fure a gilashin gaba. Likitan ya rungume Baba, ni kuwa ya kewaye ni ta nesa. Wasu matasa suka zo suna son hoto da "mutumin coci". Kafin mu bar filin bidiyon ya isa wayar Memuna, ta turo mini saƙo, kalma ɗaya tak: "Normal."

Muka kama hanyar komawa. Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. A raina na gama sallama da Memuna, har na fara tunanin yadda zan faɗa wa mahaifiyata. Mutumin da ya tambaye ni mai gyara ne ko mai ƙarya, yau na ba shi amsa a gaban jama'a, da rantsuwa, da hoto mai motsi. Muka iso Morris Heights, na tsaya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, jirgi ya wuce ta kanmu da ƙararsa. Baba bai buɗe ƙofa ba.

"Ka ga walda nan, ka ce a zuciyarka aikina ne, na manta ban rufe ba. Ko?"

"Haka ne, Baba."

"Ka ce tsoho ya yi kuskure, za a ci mutuncinshi."

"Haka ne, Baba. Ka yi haƙuri."

"Nawa za ka samu in mota nan ya ci?"

"Ba komai, Baba."

Ya kau da kai ya dubi taga. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Na ɗauka ɓacin rai ne, ashe dariya ce yake dannewa tun daga filin. Ta ƙwace masa, ya riƙe ciki, yana dukan gaban motata, hawaye na bin gemunsa. "Coci!" yake cewa. "Daga gida sai coci! Ei, Allah!" Da ƙyar ya tsagaita, ya share ido da gefen hularsa.

"Ƙarya kam kana da shi paa, ban yi kuskure ba," in ji shi. "Wannan sai ka bari, in ba haka ba ni da kai ne. Amma ka ga aibi, ka ɗauka nawa ne, ka sa rigarka da mutuncinka ka tsaya a gabanshi, kowa na maka dariya ba ka matsa ba. Mutum da zai yi mini haka, ba zai kai maganar ɗiyana kasuwa ba." Ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafa ɗaya. "Ka turo manyanka. Amma rana nan, kai ka zauna a mota. In ka shigo ka fara yabon kanka, zan fasa."

Haka kuwa aka yi. Ranar da aka nema mini aure ina zaune a mota a bakin titi, gilashi a rufe, ina cin gyaɗa, kuma ban taɓa ganin ciniki ya tafi lafiya lau irin wannan ba.

Abin da na koya, ga duk mai zafin taimako irina: kafin ka baje riga ka rufa wa mutum asiri, ka ɗan tambaye shi tukuna, don wataƙila abin da ya tara jama'a ya nuna musu ke nan.